A riƙa ba mu labarin kalmomin Turancin nan masu wuya

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari. Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, wata magana ce ta daɗe tana cina a rai.

Kwanaki ina karanta wani sharhi da Turanci a waya sai na ci karo da kalmar defenestration, wallahi na ɗauka sunan wata cuta ce, da na duba ƙamus sai na ga ashe ma'anarta jefo mutum ta taga. Kalma guda sukutum don jefo mutum ta taga fa! Fenestra dai taga ke nan da Latinanci. Abin da ya sa ta yi suna kuwa shi ne a 1618 a birnin Prag wasu Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta suka fusata suka kama wakilan sarki biyu da magatakardansu suka wurgo su ta tagar fada, kuma abin mamaki babu wanda ya mutu a cikinsu, 'yan Katolika suka ce mala'iku ne suka tare su, su kuma ɗaya ɓangaren suka ce ina, a kan tarin juji suka faɗa shi ya sa. To wannan rigimar ce ta kunna wutar yaƙin da aka shekara 30 ana gwabzawa a Turai. Yanzu kuma har in an tumɓuke mutum daga muƙami ba zato ba tsammani Turawa sukan yi amfani da ita. Tun ranar ban sake manta kalmar ba, alhali ni mutum ne da ake faɗa min abu da safe kafin yamma ya bi ruwa.

Wannan ne ma ya sa na rubuto. Yawancin waɗannan kalmomin da ke ba mu tsoro labari ne a bayansu, in ka ji labarin shi ke nan ta zauna. Ga gerrymander misali, wato yanka mazaɓu ta yadda jam'iyya mai mulki za ta ci riba, daga sunan Elbridge Gerry aka samo ta, gwamnan jihar Masachusets ta Amurka, wanda a 1812 ya sa hannu a wata taswirar mazaɓu da ta lanƙwashe har mutane suka ce ta yi kama da wata dabba mai siffar ƙadangare da ake kira salamander, sai aka haɗa sunayen biyu. Ita kuwa serendipity, dacewa da alheri ba tare da ka fita nemansa ba, wani Bature Horace Walpole ne ya ƙirƙire ta a 1754 daga Serendip, tsohon sunan Siri Lanka.

Wadda ta fi burge ni duk cikinsu ita ce petrichor. Ka san ƙamshin nan da ƙasa ke yi in ruwan farko ya sauka bayan dogon rani? To shi ne. Wasu masana kimiyya biyu a Ostireliya suka raɗa masa sunan a 1964, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya dutse, ɗaya kuma ruwan da tsoffin Girkawa suke cewa shi ke gudana a jijiyoyin gumakansu. Kowa ya san ƙamshin tun yana yaro amma sai kwanan nan ya samu suna, ni abin daɗi yake min.

Amma fa gaskiya ba duka nake so ba. Akwai wata floccinaucinihilipilification, harafi 29, ma'anarta wai ɗaukar abu a matsayin banza marar amfani, to ai ita kanta ta cancanci a yi mata hakan, ba mai faɗinta sai mai son a ce ya iya. Irin masu jibga manyan kalmomi a rubutu ke nan, ka tambaye su ma'ana su fara kame-kame.

Roƙona Malam Edita, ko ɗan lungu ne a ware mana duk mako, kalma ɗaya tak, yadda ake furta ta, ma'anarta da Hausa mai sauƙi, sai asalinta. In za a fara, a fara min da quarantine, na san tana da alaƙa da kwana 40 da ake tsare jiragen ruwa a birnin Benis na Italiya lokacin annoba, ina so in ji sauran.

Na gode, a huta lafiya.

Naku, mai karatu a kullum.