A Riƙa Gaya Wa Mai Saye Gaskiyar Manhajar Da Aka Ɗora Wa Kwamfutarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi masu haɗa kwamfuta da masu sayenta a garin Bauchi, wanda kuma nake kyautata zaton ba zai rasa shafar Gombe da Azare da sauran garuruwanmu ba. Ni malamin kwamfuta ne a makarantar sakandare, ina kuma taɓa gyara, saboda haka irin injunan da zan yi magana a kansu suna yawan biyowa ta hannuna.

Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin ɗalibi da mai shagon buga takardu da ƙaramar makaranta. Abin da ya cece mu shi ne matasan da suka koyi haɗi, waɗanda suke sayo kayan hannu daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko daga Kano, su samo bod (allon da ake dasa sauran sassan a kansa) a nan, furosesa (ƙwaƙwalwar injin) a can, su ƙara ram da SSD, su harhaɗa su a akwati guda har inji ya tashi. Ina girmama wannan sana'a ƙwarai, domin ta rufa wa mutane da yawa asiri, kuma ta fitar da yara masu basira waɗanda ba su taɓa shiga ajin injiniya ba. Damuwata tana kan babbar manhajar da ake ɗora wa waɗannan injuna, da kuma shirun da ake yi wa mai saye game da ita.

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a ranar 5 ga Oktoba, 2021, ya kuma gindaya sharuɗɗan da ba a saba da su ba. Ban da ram giga 4 da ma'ajiya giga 64, waɗanda ba su da wuyar cikawa, ya ce dole injin ya kasance yana da ɓangaren tsaro na TPM 2.0, ya iya tashi ta tsarin tsaro na Secure Boot, sannan furosesar ta kasance a jerin da ya amince da shi, wato a dunƙule Intel zubi na takwas zuwa sama, a ɓangaren AMD kuwa daga galibin jerin Ryzen 2000. Mafi yawan kayan da ke isowa kasuwanninmu da arha zubi na uku ne zuwa na bakwai, domin su ne ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kuma kamfanin ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin gyaran tsaro da ya buɗe wa masu amfanin gida waɗanda suka yi rajista, wanda shi ma iyakarsa 13 ga Oktoba, 2026. Wannan ne ya sa kusan duk wanda ya shiga shago yanzu cewa yake a sa masa Windows 11, mai haɗi kuma ba ya son ciniki ya wuce shi.

Hanyar tsallake sharuɗɗan ba ɓoyayya ba ce. Mai gyara zai soka filash, ya buɗe wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus, wani ɗan akwati ya bayyana yana tambaya ko a cire buƙatar TPM da Secure Boot, sai ya danna alamar amincewa, kafin a idar da sallar La'asar injin ya tashi da sabuwar fuska. Mai saye zai ga komai yana aiki, ya biya, ya ɗora akwatinsa a kan acaɓa ya tafi da farin ciki. Ba na cewa yin hakan laifi ne a kan kansa, domin injin na mai shi ne, kuma furosesa irin i5-6500 tana da ƙarfin ɗaukar aikin ofis ba tare da wata gargada ba. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa injin da bai cika sharuɗɗa ba ba shi da haƙƙin samun sabuntawa, kuma kamfanin ba zai ɗauki alhakin abin da ya same shi ba.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Windows 11 ba abu guda ba ne da ake sawa a manta. Kowace shekara ana fitar da sabon zubi, kuma kowane zubi na Home da Pro watanni 24 kawai ake tallafa masa. Zubin 22H2 ya ƙare a Oktoban 2024, na 23H2 kuma a Nuwamban 2025. Injin da ya cika sharuɗɗa yakan haye zuwa sabon zubi da kansa. Wanda aka tilasta wa kuwa yakan ci gaba da karɓar gyaran wata-wata har wa'adin zubinsa ya cika, daga nan sai ya tsaya cak, domin ba a miƙa masa sabon zubin sai an sake yi masa dabara da hannu. Babu abin da zai lalace a fili, Word zai buɗe, firinta za ta buga, amma ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa kowane wata ba a ƙara toshe su. Lamarin tamkar gidan da aka sallami mai gadinsa ne ba tare da an sanar da maigida ba. Akwai ma injunan da hanyar ta toshe musu gaba ɗaya, domin zubin 24H2 yana buƙatar wasu umarnin furosesa da tsofaffi irin Core 2 Duo ba su da su, ko da Rufus ba za su tashi ba.

Mai karatu zai iya cewa wa zai damu da kwamfutar wani ɗan shago a Wunti ko Yelwa. To, a duba abin da ke cikin irin wannan kwamfuta. A kanta ake cike wa ɗalibai takardun neman shiga jami'a, a kanta ake adana hotunan fasfo da lambobin NIN da BVN na jama'a, a kanta mai shago yake shiga asusun bankinsa, wata kuma sakamakon jarabawar makaranta guda ne a cikinta. Ƙwayar cutar kwamfuta ba ta zaɓen mai kuɗi. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle injuna a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali an riga an fitar da maganin ƙofar da ta bi watanni biyu kafin nan, waɗanda ta kama su ne waɗanda maganin bai kai gare su ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwafin Windows da wasu da ba a san ko su wane ne ba suka yi wa aski suka zuba a intanet, wai don ya yi sauƙi a kan tsohon inji. An taɓa kawo mini kwamfutar wata makaranta mai zaman kanta wadda aka haɗa a gari, na buɗe wurin tsaro na tarar babu Defender, wato mai tsaron da ke zuwa tare da Windows, kwata-kwata, wurin sabuntawa kuma an kashe shi ta yadda ko an danna ba ya motsi. Shugaban makarantar bai san haka ba, iyakar saninsa an ce masa an sa masa na zamani. Wanda ya iya cire mai tsaro daga cikin manhaja ya iya saka abin da ya ga dama a madadinsa, kuma mai gyaran da ya sauko da ita shi kansa ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Kwafin asali kyauta ake sauke shi daga shafin Microsoft, saboda haka ban ga hujjar ɗauko na kan hanya ba, ko da kuwa data ta yi tsada.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwana masu haɗi cewa ba duk injin da ya ce bai cancanta ba ne ya gaza da gaske. Bod da yawa suna da TPM a cikin furosesa, sai dai an bar shi a kashe. Idan aka shiga BIOS, wato wurin saitin injin kafin Windows ta tashi, aka kunna abin da Intel ke kira PTT, ko fTPM a wajen AMD, aka mayar da tashin injin zuwa UEFI, aka juya tsarin faifai daga MBR zuwa GPT, sai inji mai zubi na takwas ya karɓi Windows 11 ta ƙofar gaba. Gane zubin ma ba wuya, a irin waɗannan furosesa masu lambobi huɗu, lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida: i5-8500 na takwas ne, i5-4570 na huɗu. Duk mai shirin sayen haɗi ya kamata ya san wannan kafin ya zaro kuɗinsa, domin kalmar i5 ko i7 kaɗai ba ta nuna shekarun inji.

Ga injunan da suka gaza da gaske, akwai Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma kyauta ce ba tare da satar lasisi ba. Daga cikin nau'o'inta, Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar, Linux Mint 22 kuma za a tallafa mata har 2029, kuma tana tafiya lafiya a kan inji mai ram giga 4. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ake koyon buga rubutu da lissafi da shiga intanet da rubuta manhaja, a ganina ta fi Windows ɗin dole nesa ba kusa ba. Sai dai ba zan ɓoye iyakarta ba. Masu zanen katin biki da fosta da CorelDraw suke cin abinci, kuma ba a yi ta don Linux ba, haka Photoshop, sannan na'urorin ɗaukar hoton yatsa da ake rajista da su galibi direbobinsu na Windows ne. Irin waɗannan gara su ƙara kuɗi su sayi bod da furosesa da suka cika sharuɗɗa.

Akwai kuma ɗalibai masu son rubuta manhajar iPhone, waɗanda suke neman a ɗora musu macOS, babbar manhajar kwamfutocin Apple, a kan injin haɗi ta hanyar wata manhaja mai suna OpenCore, tunda Xcode, wanda ake rubuta manhajar iPhone da shi, ba ya aiki sai a kan macOS. Lasisin Apple bai yarda da hakan ba, kuma a 2009 wata kotu a Amurka ta hana kamfanin Psystar sayar da irin waɗannan injuna. Ban da haka ma hanyar ta zo ƙarshe, domin Apple ya koma furosesar kansa tun 2020, ya kuma sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki da Intel. Bai dace a karɓi kuɗin ɗalibi a haɗa masa inji don wannan manufa ba tare da an gaya masa haka ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Roƙona ga masu haɗi da shugabannin ƙungiyoyinsu na kasuwa shi ne su mayar da shi al'ada a rubuta a kan rasit sunan furosesa da zubinta, da zubin Windows da aka sa, da ko an tsallake sharuɗɗa, da watan da tallafinsa zai ƙare, domin mai saye ya san ranar da zai dawo da injinsa. Wannan bai rage wa mai sana'a komai ba, hasali ma ciniki ne zai dawo masa. Masu makarantu da jami'an da ke ba da kwangilar sayen kwamfutoci su kuma su sa sharaɗin zubi na takwas a rubuce, su sa wani masani ya buɗe kowane inji ya duba kafin a biya. Ina kuma fatan sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji za su riƙa shirya wa masu gyara na cikin gari gajeren horo a kan saita BIOS da ɗora Linux, ko da a lokacin hutu ne sa'ad da ɗakunan kwamfutarsu ba su da cunkoso.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin kwamfuta,
Unguwar Yelwa, Bauchi.