Wasiƙa ga ɗiyata a kan zaɓi tsakanin ICAN da CITN

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Saƙonki ya iso, inda kike neman shawarata ko ki fara jarrabawar akanta ta ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, idan kin gama bautar ƙasa, ko kuwa ki nufi ta haraji ta CITN, cibiyar masana haraji ta Najeriya, tunda kin ce kasuwar masana haraji ce ke ci yanzu.

Ban musa miki ba. Tun da aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu a watan Yunin 2025, har hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS, kusan kowane ɗan kasuwa a nan Kano neman wanda zai fayyace masa su yake yi. Duk da haka, shawarata ita ce ki fara da ICAN, domin sai an san ribar mutum ake sanin harajinsa. Kina ƙarama lokacin da jami'an haraji suka yanka wa shagonmu kuɗin da ya kusa karya mu, saboda ba mu da wata shaida sai littafi mai bangon kwali da nake rubuta ciniki da bashi a ciki, rasit kuwa suna cushe cikin leda a ƙarƙashin kanta. Akantan da ya fitar da mu sai da ya yi mako biyu yana jera rasit ɗin nan wata bayan wata har ainihin ribar ta bayyana, sannan aka zauna maganar doka, wadda ba ta ci awa guda ba.

Ki kuma lura cewa dokar haraji ba ta zama wuri ɗaya. A gabanmu VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da ayyuka, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. ICAN, wadda doka ta kafa tun 1965, tana da matakai uku, darasin haraji yana cikin manhajarta, kuma digirinki na akanta zai sa a ɗauke miki wasu darussan farko. Da ita ce za ki iya neman lasisin binciken asusun kamfani ki sa hannu a kai, abin da takardar haraji kaɗai ba ta bayarwa. Idan kin same ta, shiga CITN zai zo miki da sauƙi, sai ki haɗa biyun. Akwai ANAN ma, wata ƙungiyar akantoci mai kwaleji kusa da Jos, amma wannan sai mun zauna.

Na san jarrabawar tana kayar da mutane, har masu ƙoƙari, don haka idan wani darasi ya ba ki wuya kada ki ɓoye mini. Ki bincika kuɗin rajista da na darasin ƙarshen mako ki aiko mini kafin ƙarshen wata, zan tanada in sha Allahu.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.