A Bi Majinyaci Har Gida Bayan An Sallame Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen kiwon lafiya a ƙasar nan. Ina nufin majinyatan da asibiti ke sallama ba don sun warke ba, sai don cutar ta fi ƙarfin magani, da kuma matan da ke kwana a gindin gadonsu a cikin gidajenmu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a ɗakin mata da ɗakin tiyata har na yi ritaya. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san maganar da ake faɗa wa dangi idan abu ya kai inda ya kai: "Ku tafi da ita gida, a ci gaba da addu'a." Addu'a kam ba ta da na biyu, kuma yawancin tsofaffinmu su da kansu suke cewa a mayar da su ɗakinsu. Ba komawa gidan nake suka ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake komawar. A cire robar ƙarin ruwa, a miƙa takardar magani, a tsayar da adaidaita sahu, shi ke nan. Babu wanda ya zaunar da 'yarta ya nuna mata yadda ake juya mutumin da ba ya iya motsi. Babu lambar wayar da za a kira idan ciwo ya tashi da tsakar dare. Babu ranar da wani ma'aikaci zai leƙo. Asibiti ya rufe fayil, alhali jinya yanzu ta fara.

Bari in faɗi abin da nake tararwa idan maƙwabta suka kira ni, tun da a unguwa an san aikina. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye yana kwance a kan leda, a ɗaki mai zafi, a gefe guda tun safe. Kafin wata ya zagayo fatar ƙugunsa da duga-dugansa ta sale, ta zama gyambo mai zurfi, wani lokaci har ƙashi. Wannan gyambo ba cutarsa ce ta kawo shi ba, kwanciya ce, kuma da an gaya wa iyalinsa su riƙa juya shi duk bayan awa biyu, su sa filo a tsakanin gwiwoyinsa, su tabbata shimfiɗa ba ta jiƙe ba, da yawanci bai fito ba. Sai kuma ɗura kunu. Ana ɗura masa yana kwance a rigingine, don ƙauna, don kada ya kwana da yunwa, sai ya ƙware, kunun ya gangara huhu, bayan kwana kaɗan zazzaɓi da tari su rufe shi. Zaunar da shi kawai ake buƙata, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Na ga robar fitsari da aka sa tun a asibiti ta yi watanni ba a canza ba, domin babu wanda ya ce ana canzawa. Waɗannan mata ba sakaci suka yi ba. Ba a koya musu ba ne, kuma koyarwar ba za ta ci awa guda ba.

Inda hukuma ta bar gurbi, kasuwa ce ke cike shi. Yanzu kowace unguwa tana da "mai allura" da ke zuwa gida da jakarsa. A cikinsu akwai ƙwararru masu tsoron Allah, na san wasunsu, kuma su ne ke rufa wa iyalai da yawa asiri. Amma akwai yaron kemis, akwai ɗalibin da bai gama makaranta ba, akwai wanda shara kawai ya taɓa yi a asibiti ya sayi farar riga. Irin waɗannan abu biyu suka iya, ƙarin ruwa da allurar kashe ciwo, domin su ne ake gani a biya kuɗi. Sai a ɗaura wa mai ciwon zuciya leda bayan leda har ruwan ya taru a huhunsa ya kasa numfashi, ko a yi ta yi wa mai ciwon ƙoda allurar diclofenac, wadda ita kanta ƙodar take ƙara kashewa. A manyan birane kuma kamfanoni sun fara tallan turo mai jinya gida, ana biyansu da wata. Wa ke duba su? Akwai majalisar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya, tana ba su lasisi. Ina kira ga duk mai ɗaukar wani ya kula masa da uwa ko uba da ya ce a nuna masa wannan lasisi, kada kunya ta hana shi. Ma'aikatun lafiya na jihohi su ma, yadda suke zagayen asibitocin kuɗi, ya kamata su san su wane ne ke shiga gidajen mutane da allura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne raɗaɗi. Akwai wata maƙwabciyata, Allah ya jiƙanta, da sankarar mama ta ci ƙarfinta. Ciwon ya fashe, yana ruwa yana wari, har jikokinta suka daina shiga ɗakin, ita kuma ta daina yarda a buɗe labule don kunya. Warin ba shi da wuyar magancewa: ana daka ƙwayar metronidazole, wadda aka fi sani da Filajil, a barbaɗa a kan ciwon bayan an wanke da ruwan gishiri mai tsabta, cikin 'yan kwanaki sai ya lafa. Da muka yi haka yaran suka dawo suna zama kusa da ita. Raɗaɗin ne ya gagare mu. Farasitamol ba ya ko taɓa shi. Ɗanta ya zagaya shagunan magani da asibitoci yana neman mofin na sha, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, wanda likita ya rubuta, ana ce masa babu. Da dare har gidana ake jiyo nishinta. Wannan baiwar Allah ba ta roƙi a warkar da ita ba, ta riga ta sallama wa Ubangijinta. Barci kawai take so ta samu, da natsuwar da za ta yi salla.

Mofin ba sabon magani ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na fahimci tsoron da ake yi masa a Arewa, domin mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa 'ya'yanmu, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ni uwa ce, na goyi bayan wannan. Amma matashin da ke shan kwalba a bayan layi daban, tsohuwar da sankara ke ci daban, kuma bai kamata laifin wancan ya hau kan wannan ba. Har a cikin abokan aikina akwai masu gudun ba da mofin, suna cewa yana gaggauta mutuwa. Idan aka fara da kaɗan, aka riƙa bayarwa ta baki a kan lokaci, aka haɗa da maganin da zai hana taurin bayan gida, majinyaci yana farke, yana magana, yana cin abinci. Hana shi ne ke jefa iyali hannun mai allurar da zai yi ta soka masa pentazocine har cinyoyinsa su ƙandare.

Wasu za su ce irin wannan kulawa, ta rage wa mai cutar da ba ta jin magani raɗaɗi da wahala, sai ƙasashen Turawa. Gaskiya ne a can aka faro, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967 domin masu cutar da ba ta jin magani. Amma misalin da ya fi kusa da mu Yuganda ce. A 1993 wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala. Garin mofin suke kaɗawa da ruwa a zuba a kwalba, ma'aikatan jinya su bi majinyata gida-gida da shi. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, saboda ta san likita ba zai kai kowane ƙauye ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba. A nan gida ma, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun tsaya tsayin daka har aka buɗe sashen irin wannan kulawa a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007. Ke nan ilimin yana nan a ƙasar. Bai iso ƙaramin asibitin unguwa ba ne, inda talaka yake zuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa a kowace shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. A Najeriya, sankara kaɗai tana kama sama da mutum dubu 120 a shekara, kuma mafi yawansu ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa. Ba a ma sa masu shanyewar jiki da ciwon ƙoda da sikila da tsofaffin da suka rikice a lissafi ba.

Akwai maganar da nake so malamanmu su taya mu. Na sha jin ana ce wa majinyaci ya daure, ciwo kankarar zunubi ne. Haka ne, mai haƙuri yana da lada, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, kuma rage wa mutum azaba magani ne. Wanda raɗaɗi ya sake shi shi ne ke iya taimama ya yi salla, ya faɗi bashin da ke kansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa. Haka nan ɗabi'armu ta ɓoye wa majinyaci gaskiya. Mukan ja likita gefe mu ce kada a gaya masa, sai a sayar da gona da gida a tafi Masar ko Indiya neman abin da likitocin nan suka riga suka ce ba zai yiwu ba, a dawo da shi a galabaice, marayu su tashi babu komai. Faɗar gaskiya da taushin harshe, daidai gwargwadon abin da shi majinyacin yake so ya sani, aiki ne da ake koyo, kuma ya kamata a koyar da shi a makarantun likitanci da na jinya.

Ita kuwa mai jinya, wa ke tambayar lafiyarta? Yawanci mace ɗaya ce, mata ko 'ya ko suruka, wani lokaci yarinyar da aka cire daga makaranta. Ita ce wanki, ita ce kwashe kashi da fitsari, ita ce ɗaga mutumin da ya fi ta nauyi har bayanta ya riƙe. 'Yan dubiya su cika ɗaki, a ce sannu, ita ce kuma za ta tashi ta kawo musu ruwa da abinci. Dubiya sunna ce mai girma, amma mai zuwa dubiya ya karɓe ta na awa biyu ta runtsa, ko ya zo da sabulu da kunzugun manya, ya fi cika ɗaki da jama'a amfani. Maza kuma, biyan kuɗin magani bai sauke muku nauyi ba. Mahaifinku ya fi son ɗansa namiji ya yi masa wanka a kan surukarsa.

Ba na ganin sai an gina sababbin gine-gine. Mun riga mun iya shiga gida-gida. Da haka muka yaƙi shan inna, lungu-lungu, har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka a 2020. Muna da jami'an lafiya na al'umma a kusan kowace mazaɓa. Muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, maza da mata, masu ɗa'a da son aikin lada. A jihar Kerala ta Indiya irin waɗannan 'yan sa kai ne ƙashin bayan jinyar gida, ma'aikatan lafiya suna jagorantarsu. Abin da nake roƙo shi ne duk majinyacin da babban asibiti zai sallama a wannan hali, a haɗa shi da ƙaramin asibitin da ya fi kusa da gidansa, da takarda a rubuce, a koya wa mai jinyarsa aikin kafin su bar gado, ma'aikaci ya riƙa leƙa shi ko da sau ɗaya a mako, da mofin na sha a ƙarƙashin kulle da rajista yadda doka ta tanada. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin marasa galihu. Babu marar galihun da ya kai wanda ke kwance ba ya iya juya kansa. Hukumomin zakka da hubusi na jihohinmu su ma suna da rawar takawa, ko da katifa da keken guragu da man babur ɗin ma'aikaci ne.

A ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilanka su tambayi kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa: asibitoci nawa ne a jiharsu ke da mofin na sha a yau, kuma ma'aikata nawa aka horar su bi majinyaci gida? A buga amsar kowa yadda ya bayar, mu karanta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Na gode.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kano.