Ɗumamena aka ɗora wa laifi, ki ba ni shawara

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira. Raina a ɓace nake rubuto miki. Shekaranjiya uwar mijina ta tsaya a tsakar gida ta ce rowata ce ta sa wa yaron amarya gudawa, wai kwanannen abinci nake ɗura wa yara. Maigida yana zaune, ko uffan bai ce ba.

Mu 11 ne a gidan. Kwano ɗaya da rabi na garin dawa yana isar mu tuwon dare, har a samu ɗumamen safe. Amarya kuwa kwano biyu take tuƙawa, sauran a zuba wa awaki, alhali dawar rumbu ba za ta kai mu kaka ba, an kusa komawa awo a kasuwar Gujungu ran Lahadi.

Ni fa na san ba kowane abinci ne ke kwana ba. Tuwo ba a rufe shi da zafinsa, gumi ne ke sa shi yauƙi da tsami. A ƙwarya nake kwashewa, in bar shi ya sha iska, sannan in ɗora faifai. Miyar kuka ina tafasa ta bayan isha'i, kuma ba a sake tsoma ludayi sai asuba, a ƙara tafasawa. Ɗumamen ma yanka tuwon nake yi ƙanana, zafi ya ratsa har ciki. Miyar gyaɗa, wake da shinkafa kuwa, a zafin bazara ba na barin su kwana, daidai ciki nake dafawa. Ƙanzo in kankare, in shanya ya bushe ƙarau, ranar da babu cefane a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli, albasa, barkono da ɗan man gyaɗa. Har buhun ƙanzona amarya ta zazzage wa dabbobi, wai abincin almajirai ne.

Da rana kuma ba na maimaita tuwo. Rabin kwanon wake a yi ɗanwake, ko dambu da zogale, ko fate da yakuwa, don yara su samu wake da ganye tunda nama sai ran kasuwa. Ita kullum taliya da manja take nema, kuɗin cefanen kwana biyu ya tafi a tukunya ɗaya.

Na manta ban faɗa miki ba, daren da abin ya faru ma ba girkina ba ne, na amarya ne. Miyar gyaɗa ta yi, ta rufe tukunyar da zafinta, da safe ta ɗan ɗumama sama-sama ta zuba wa yaron. Ni ce ma na haɗa masa ruwan gishiri da sukari kafin a kai shi asibiti. Ya samu sauƙi, alhamdulillahi, amma har yau gaisuwata Inna ba ta amsawa.

To Hajiya, ɗumamen da aka tafasa sosai yana cutar da yaro ƙarami? In ma bai cutar ba, ni yanzu so nake a raba mana awo, kowa ta riƙe tukunyarta. Ta yaya zan faɗa wa maigida ba tare da an ce kishi ne ke damuna ba? Ko yayana zan turo ya same shi?

Taki, wata uwargida daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.