Rayuwar mai shanyewar ɓarin jiki bayan an sallame shi daga asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani ɓangare na cutar shanyewar ɓarin jiki wanda kafofin yaɗa labarai ba su cika waiwaya ba. Duk ranar 29 ga Oktoba, wadda aka keɓe a duniya domin wannan cuta, jaridu da gidajen rediyo kan cika da bayanin alamominta, wato karkacewar baki, da mutuwar hannu ko ƙafa a gefe guda, da sarƙewar harshe, tare da kira a garzaya asibiti ba da jinkiri ba. Wannan faɗakarwa tana da amfani ƙwarai, domin maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa galibi cikin awa huɗu da rabi daga fara alamu ake bayar da shi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna an tabbatar toshewa ce ba fashewar jijiya ba. To amma da ranar ta wuce sai a rufe babin, alhali ga wanda Allah ya yi wa sauran kwana, daga ranar sallama ne babban aikin yake farawa, aiki na watanni da shekaru wanda mafi yawansa a cikin gida ake yi, a hannun mutanen da ba wanda ya koya musu yadda ake yin sa.

Masu wannan larura ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar duniya mai kula da cutar ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da ita a rayuwarsa, kuma tana sahun gaba cikin cututtukan da ke kisa da waɗanda ke barin mutum da nakasa mai ɗorewa. Ni kaina na yi jinyar wani ɗan'uwana da ta kama, kuma abin da na gani a lokacin shi ya sa nake ganin cewa babban abin da ke hana majinyaci farfaɗowa, bayan ɓarnar da cutar ta riga ta yi, shi ne tausayin da ba ilimi a cikinsa.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu saboda yankewar jini ba sa dawowa, amma sassan da ke maƙwabtaka da su suna iya koyon wani ɓangare na aikin da ya ɓace, kuma ba sa koyo sai ta hanyar maimaici, wato majinyaci ya yi ta ƙoƙarin ɗaga hannun nan, ya yi ta ƙoƙarin taka ƙafar nan, yau da gobe, ko da motsin bai wuce na ɗan yatsa ba. Turbar da ake bi ita ke fitowa fili, wadda aka daina bi kuwa ciyawa ke rufe ta. Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa idan mutum ya yi ta gwada gaɓar da ta raunana yana kasawa, yakan saba da barin ta gaba ɗaya ya koma dogaro da mai lafiyar, har ta kai ƙarfin da ya rage a mai raunin ma ya daina amfani da shi. Daga bincikensa ne aka samo wata hanyar horo inda ake hana hannu mai lafiya aiki na wasu sa'o'i a rana domin a tilasta wa ɗayan motsawa, ga waɗanda likita ya ga sun cancanci hakan. Sai mu dubi abin da dangi ke yi saboda ƙauna: a ba shi abinci a baki alhali yana iya riƙe cokali, a sa masa riga, a ɗauko masa duk abin da ya kalla tun kafin ya miƙa hannu, a ce ya kwanta ya huta. A haka watanni uku zuwa shida na farko, waɗanda su ne lokacin da jiki ya fi saurin karɓar horo, suke wucewa yana kwance, gaɓoɓi suna sandarewa, sannan daga baya a ce cutar ce ta ƙi sakin sa. Na san yana da ciwo ka zauna kana kallon mahaifinka yana fama da maɓallin riga har gumi ya keto masa, kana da ikon ɓalla masa cikin ƙiftawar ido, amma wannan famar ita ce maganin, kuma taimakon da ya dace shi ne ka yi masa abin da ya gagare shi kawai ka bar masa sauran.

Wannan ba ya nufin a yi da ƙarfi ko da ka. Likitocin gashi, wato masu horar da gaɓoɓin jiki, su ne suka san irin motsin da ya dace da kowane mataki, kuma akwai kurakuran da ke jawo sabuwar larura. Jan majinyaci ta hannun da ya shanye lokacin tayar da shi yana iya raunata kafaɗarsa, saboda naman da ke riƙe gaɓar ya saki, kuma ciwon kafaɗar kan hana shi horo na tsawon lokaci. Wanda ba ya iya juyawa da kansa yana bukatar a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito. Da yawa kuma sukan sami matsalar haɗiya, ta yadda ruwa ko abinci ke bin hanyar numfashi ya sauka a huhu ya haifar da nimoniya, wadda tana cikin abubuwan da ke kashe masu wannan cuta bayan sun tsallake kwanakin farko. Tari ko shaƙewa yayin cin abinci alama ce da ya kamata a kai wa likita, kuma ba a ciyar da majinyaci yana kwance.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne nakasar da ido ba ya gani. Tun a shekarar 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya yi bayanin wani majinyaci da yake fahimtar abin da ake gaya masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓar kalma guda, kuma da aka duba ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwarsa aka tarar da ɓarna a ɓangaren hagu. A yawancin mutane can ne mazaunin harshe yake, kuma da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin jiki na dama, shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi fuskantar matsalar magana. Irin wannan mutum hankalinsa na nan, ya san 'ya'yansa, ya san abin da yake so, kalmar ce kawai take ƙin zuwa, ko kuma wata ta fito a madadin wadda yake nufi. Amma sai ka ga masu dubiya sun zauna a gabansa suna tattauna halin da yake ciki kamar ba ya nan, wani ya ɗaga murya kamar da kurma yake magana, wani ya yi masa irin maganar da ake yi wa yaron goye, a yanke shawara a kan dukiyarsa da iyalinsa ba a tambaye shi ba. Mutumin da jiya shi ake jira ya yi magana a gidansa, yau ana ƙarasa masa jimla tun bai kai rabi ba. A ganina wannan wulaƙanci ne ko da ba a yi niyyarsa ba, kuma yana sa majinyaci ya daina ƙoƙarin magana, alhali harshen ma da maimaici yake dawowa. Abin da ake bukata ba mai wuya ba ne: mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, da gajerun jimloli, a yi tambayar da amsarta i ce ko a'a, a ba shi lokaci ya nemo kalmar, a karɓi nuni da hannu ko rubutu idan su suka samu.

Wanda ɓarnar ta sama a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa kuwa yana iya mance da duk abin da ke gefensa na hagu, ya ci rabin abin da ke cikin kwano ya bar rabi, ko ya yi ta karo da bakin ƙofa, ba don idonsa ya makance ba. Haka nan kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira sukan faɗa ciwon damuwa mai tsanani, wasu kuma kuka ko dariya kan ƙwace musu ba tare da dalili ba, ga wata gajiya mai nauyi wadda barci ba ya kawar da ita. Duk waɗannan daga cutar suke, kuma akwai abin da likita zai iya yi a kan wasunsu, musamman damuwar, amma a gida sunan da ake ba su shi ne lalaci, ko rashin haƙuri, ko taurin kai. Majinyacin da ya ƙi tashi yin horo ya fi bukatar a bincika halin zuciyarsa a kan a yi masa faɗa.

Kada kuma a ɗauka cewa da wata shida ya cika ƙofa ta rufe. Saurin ci gaban yakan ragu, amma bai cika tsayawa cak ba ga wanda ya ci gaba da horo, kuma sannu ba ta hana zuwa. Louis Pasteur, masanin kimiyyar nan na Faransa, ya gamu da wannan cuta a 1868 yana da shekara 45, ɓarin jikinsa na hagu bai taɓa komawa daidai ba, amma ya koma bakin aikinsa, kuma a 1885 ne aka fara yi wa ɗan Adam allurar rigakafin ciwon haukan kare da ya samar. Ba kowa ne zai warke sarai ba, gaskiya ce da ya kamata a gaya wa iyali tun farko, sai dai tsakanin warkewa sarai da zaman jiran mutuwa akwai fili mai faɗi, inda mutum zai iya kai kansa bayan gida, ya yi wanka, ya fita da sanda, wani ma ya koma sana'arsa.

Sai batun dawowar cutar, wanda shi ma a gida ake cin nasararsa ko a faɗi. A Amurka kusan ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a kowace shekara sun taɓa kamuwa a baya. Wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe 32 aka wallafa a 2016 ya gano cewa abubuwa goma da za a iya magance su ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin ɗari na cutar, kuma hawan jini ne a kan gaba, sai irin su rashin motsa jiki, da yawan kitse a jini, da shan taba, da ciwon suga, da cututtukan zuciya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, saboda haka jin sauƙi ba dalilin ajiye magani ba ne, amma sau da yawa da majinyaci ya fara takawa sai a daina saye. Ba kuma kowa ne ake ba asfirin ba, domin wanda jijiyarsa fashewa ta yi yana iya ƙara masa zubar jini, don haka maganin wani ba na wani ba ne. Idan alamu suka sake bayyana, ko da sun gushe cikin 'yan mintoci, gargaɗi ne da ke bukatar asibiti a ranar.

Mai jinya ma yana da haƙƙi. Yawanci mutum ɗaya ake bar wa nauyin, ya rasa barci, bayansa ya ƙage saboda ɗagawa, aikinsa ya tsaya, sauran dangi kuwa su leƙo su yi sannu su kawo shawarwari su tafi. Wanda ya karɓe shi na yini guda ya fi mai shawara goma amfani.

Saboda haka roƙona gare ka shi ne ka keɓe fili na dindindin, ko da sau ɗaya ne a wata, inda likitocin ƙwaƙwalwa da na gashi da masu horar da magana za su riƙa bayanin jinyar gida dalla-dalla, da hotunan yadda ake tayar da majinyaci da kwantar da shi, su kuma amsa tambayoyin masu jinya. Ina so kuma wakilanka su riƙa zama da waɗanda suka tsira su ji daga bakinsu, ko da maganar tana fita da ƙyar, maimakon a riƙa jin labarinsu daga bakin wasu. Sannan a yi hattara da tallan masu alƙawarin warkar da shanyewar jiki cikin mako guda, domin iyalin da suka gaskata su sukan kashe kuɗinsu a can, su kuma ɓata watannin farko da ya kamata a ce majinyaci yana wajen gashi.

Na gode da wannan dama. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.

Wassalam,
Naka, mai karatu a kullum.