A ware wa ƙananan ma'aikatu kuɗin binciken na'urorin asibiti

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu ɗan fili mu yi magana da mahukunta a Yamai kan kuɗin da ƙasa ke zubawa wajen sayo na'urorin asibiti daga waje. Yawancinsu ba don zafinmu da ƙurarmu aka ƙera su ba, shi ya sa suke mutuwa tun ba su tsufa ba. Roƙonmu a ware ɗan kaso daga wannan kuɗin, a ba ƙananan ma'aikatu na gida su yi binciken da zai sa na'urorin su jure.

Ga na'urar tace oksijin, wadda yaro mai ciwon haƙarƙari ke numfashi da ita. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Kwamfireson na'urar yana tura iska cikin bututu biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin, oksijin ya wuce. Lafiyayya tana ba da kashi 90 ko fiye. In ta faɗi ƙasa da 82, ta tashi daga aiki. Lokacin hazo ƙura na toshe matatar waje, wadda soso ce da ake wankewa duk mako, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Matatar ciki kuwa ba ta wankuwa, sai canji, kuma ba kasafai ake samunta a kasuwa ba. Mafi yawan na'urorin iyakar zafin da aka yi su dominsa digiri 40 ne, alhali Tawa a Afrilu da Mayu tana wuce haka, sai kwamfireso ya ɗau zafi ya katse. Mafi muni shi ne danshin damina. Da zarar ya shiga ziyolait, ƙarfinsa ya ragu. Na'ura tana ƙugi, kumfa na tashi a kwalbar ruwa, mai jinya na ganin komai lafiya, amma abin da ke shiga hancin yaro bai fi iskar ɗaki da yawa ba. Ba mai gane wannan da ido sai da ma'aunin oksijin. Ga kuma kuran, wato wutar lantarki, mai hawa da sauka. Na'urar kyauta da aka ƙera don bolt 120 da has 60 (has shi ne ma'aunin saurin bugun wutar), ko an sa mata taransifoma, bolt ɗin kaɗai ya gyara. A kan has 50 namu injin zai juya a hankali.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce daidai ƙarfin ma'aikata mai mutum biyar. Wane yadi ko soso na kasuwarmu zai tare ƙura ba tare da ya shaƙe injin ba? Yaya za a sake cika bututun ziyolait a nan gida a rufe shi ruf? Wane akwati zai haɗa panon hasken rana, batir da madaidaicin wuta ya riƙe na'ura mai cin wat 350 har gari ya waye?

Amurka ta daɗe da gano amfanin wannan. A 1982 ta kafa dokar shirin SBIR, na tallafa wa binciken ƙananan kamfanoni. Duk hukumar gwamnati da ke ba da sama da dalar Amurka miliyan 100 a shekara don bincike a wajenta, tilas ta ware wa ƙananan kamfanoni kaso, wanda ya kai 3.2 cikin 100. Hukumomi 11 ne a ciki, har da ma'aikatar lafiya, wadda cibiyar binciken lafiya ta NIH ke ƙarƙashinta. Kuɗin mataki-mataki yake fita. Na farko, wata 6 zuwa 12, har kimanin dalar Amurka 300,000, don a nuna dabarar tana yiwuwa. Wanda ya nuna ne ke neman na biyu, shekara 2, har kimanin miliyan 2, don ƙera samfuri da gwada shi. A na uku shirin ba ya ba da ko sisi, sai kasuwa ko kwangilar gwamnati. A 1992 aka ƙara wani shirin mai suna STTR, inda dole kamfani ya haɗa kai da jami'a ko cibiyar bincike, ita ta yi aƙalla kashi 30 na aikin. Babban kamfanin fasahar sadarwa na Qualcomm ma ya ci wannan tallafi yana ƙarami.

Ba girman kuɗinsu muke kwaɗayi ba, tsarin muke so. A ganinmu kashi 2 cikin 100 na kuɗin sayen na'urori ya isa farawa. Masu gyara da likitoci ne za su rubuta matsalolin, da lamba: matata da za ta yi wata uku na hazo oksijin bai sauka ƙasa da 90 ba, ko firjin rigakafi da zai tsaya tsakanin digiri 2 da 8 kwana uku rana ba ta fito ba. Matakin farko sefa miliyan 5 zuwa 10, na biyu har miliyan 50. Gwaji kada a bar shi hannun mai ƙira. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, makarantar injiniyoyi ta EMIG, cibiyar binciken lafiya ta CERMES da Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa su auna su sa hannu. Wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ma, a kan hasken rana ya ƙarar da rayuwarsa ta bincike, don haka ba baƙon aiki ba ne gare mu.

Inda irin wannan shiri ke karyewa sananne ne. In kuɗi ya yi jinkirin wata shida, babban kamfani zai jira, ƙarami kuwa injiniyansa zai tafi neman abinci wani wuri. A biya kashi 40 ranar sa hannu, saura bayan gwaji. In sanayya ta shiga zaɓe, an gama, don haka a cire sunaye daga takardun nema, a buga sakamako kowa ya gani. A Amurka kanta ana kuka da kamfanonin da suka mai da cin tallafi sana'a ba su taɓa sayar da komai ba. Wanda ya ci matakin farko sau uku bai kai na biyu ba, a dakatar da shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne mai saye. A ƙasarmu gwamnati ce babbar mai sayen kayan asibiti. In ta biya kuɗin bincike, sannan sharuɗɗan kwangilarta suka nemi shaidar shekaru na ciniki da jinginar banki da ƙaramar ma'aikata ba ta da su, samfurin zai ƙare a kan kantar ajiya yana shan ƙura. Tun ranar da aka buɗe gasa a rubuta cewa duk wanda ya ci gwaji, ma'aikatar lafiya za ta sayi guda 50 na farko, ta raba su a asibitocin karkara, a bi su da ma'auni shekara guda.

Daga wasu masu gyaran na'urorin asibiti,
Tawa.