Kafin mu ce wa yaro "turo", mu tambaye shi me bizarsa ta ce

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana masu 'ya'ya a makarantun ƙasashen waje. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, ina kuma taɓa noman riɗi da gero. Ɗan farina yana digiri na biyu a Ingila. Sunansa kam a yi mini uzuri, ko a tsakar gida ban taɓa kira ba, balle a jarida.

Tallafin karatu ya ɗauke masa kuɗin makaranta, amma na jirgi da na biza sai da na kora bijimaina biyu kasuwar Maigatari wata Alhamis, dangi suka cika sauran. Bai rufa wata uku da tafiya ba sai ga kuɗi sun shigo asusuna. Ya ce fassara yake yi wa wasu kamfanoni ta intanet, daga Turanci zuwa Hausa, cikin dare a ɗakinsa, su biya shi da dala. Na sa masa albarka, ban ƙara tambayar komai ba. Daga nan fa baki ya buɗe. Na ce azumi na tafe, sukari ya hau. Mahaifiyarsa ta tuna masa kayan ɗakin ƙanwarsa. Kawunsa ma da bai taɓa kiransa ba sai da ya nemi lamba.

Wata Juma'a bayan la'asar ina gindin dalbejiyar ƙofar makaranta, don nan kaɗai sabis ke kamawa da kyau, sai ya kira. Daga sallamarsa na san da magana.

"Baba, aikin nan na ajiye shi."

"Subhanallahi, cutarka suka yi?"

"A'a Baba. Ni ne na kusa cutar kaina."

Ashe jami'arsu ta tara ɗalibai baƙi don yi musu bayanin haraji, shi kuma ya je da fargabar ko hukumar harajin ƙasar, HMRC, na bin sa bashi. Ya zauna da biro ya yi lissafi. A can, fam 1,000 na farko da mutum ya samu a shekara daga 'yar sana'ar kansa babu haraji a kai, kuma yawancin masu samun kuɗi ba a taɓa fam 12,570 na farkon abin da suka samu. Shekarar harajinsu ma daban take, daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun gaba. Duk abin da ya tara bai kai fam 1,000 ba. Har ya yi hamdala, sai mai bayanin ta ɗauko ɗaya zancen. Bizar ɗalibi ta yarda mai karatun digiri ya yi aiki a ƙarƙashin wani har awa 20 a mako lokacin da ake karatu, amma ta haramta masa sana'ar kansa gaba ɗaya. Fassarar da yake karɓa da kansa, ya yi, a biya shi, sana'ar kai ce, ko da mai ba shi aikin yana Amurka, ko da kuɗin a Kano suke sauka. Abin da ake dubawa shi ne inda yake zaune lokacin da yake aikin. Wanda aka kama da saɓa wannan sharaɗi ana iya soke masa biza, ya dawo gida ba digiri.

Ka ga ke nan ana gudun kura, ashe zaki na gaba. Haraji ƙofa ɗaya ce, biza wata ƙofa ce, kuma wanda ya tsallake ta farko bai tsallake ta biyu ba.

Na ce masa, irin tunaninmu na ƙauye, to wa zai sani, tunda a ɗaki kake yi? Ya yi 'yar dariya. Ya ce tun Janairun 2024 dandalin intanet da ake sayar da kaya ko aiki a kansu an wajabta musu tattara bayanan masu samun kuɗi su miƙa wa hukumar haraji. Sunanka, adireshinka da abin da ka samu duk suna rubuce. Na ji kunyar tambayar, domin ni da nake koya wa yara gaskiya da safe, ga ni da yamma ina nema wa ɗana hanyar ɓuya.

Wannan ya tuna mini da yarintata. Na ga mahaifina yana naɗe takardar haraji a tsumma ya cusa a aljihun 'yar-ciki kafin ya tafi kasuwa, na kuma ga magidanta suna sulalewa ta bayan rumfuna in an ce masu duba takarda sun iso. Da marigayi Abubakar Rimi ya hau gwamnan tsohuwar Jihar Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, mutanenmu sun yi murna ƙwarai. Amma ina ganin tun daga lokacin muka ɗauka haraji abu ne na ma'aikacin gwamnati da ake yanka a albashi, ko kuma abin da mai wayo ke zillewa. Da wannan tunanin muke sallamar 'ya'yanmu zuwa ƙasashen da takarda ba ta mantuwa.

Wani abokin aikina 'yarsa na Amurka. Ita ma ta ce masa bizar karatu ta can, wato F-1, ba ta barin ɗalibi ya yi aikin kansa ta intanet ba da izini ba, kuma akwai fom na hukumar harajin ƙasar mai lamba 8843 da sabon ɗalibi baƙo ke cikewa duk shekara ko bai samu ko sisi ba.

Nan gida ma zance ya canja. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsayar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, amma wanda ake lissafa shi mazaunin Najeriya ana duba abin da ya samu ko daga ina ya fito. Saboda haka yaron da ya dawo gida ya ci gaba da karɓar dala ta waya, shi ma yana da lissafi da hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa.

Roƙona ga gwamnatocin Kano da Jigawa, da suke tura ɗalibai waje: ranar bikin sallama, bayan jawabai da hotuna, a ware ko awa ɗaya a zaunar da yaran tare da iyayensu, a karanta musu dokar aiki da ta haraji ta ƙasar da za su, da Hausa. Na ce tare da iyaye, domin matsin daga wajenmu yake fitowa. Kai ma Edita, ka samo mana akanta ya riƙa amsa tambayoyi a shafinka.

Yanzu yaron yana jera kaya a wani kanti kwana biyu a mako, su suke lissafin harajinsa a takardar albashi. Abin da yake samu haya da abinci ne, ba rara. Na gaya wa mahaifiyarsa kayan ɗaki su jira kaka. Takin bana kuwa, buhunan riɗi uku da na ɓoye ina jiran farashi ya tashi, su zan fitar Alhamis mai zuwa.

Naka,
Wani malamin firamare,
daga yankin Gumel, Jihar Jigawa.